Wai me ya sa komai na Bature gudu yake yi?

Tafinta_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙorafi na kawo a kan Turanci, masana ku raba mu. Aikina fassara labarai, kuma yau a takarda guda kalmar "run" ta hana ni sakat. "She will run for governor", wato za ta tsaya takara. "The hospital has run out of blood", jini ya ƙare a asibiti. "The firm is run by his sons", 'ya'yansa ke juya kamfanin. "A lorry ran over a goat", babbar mota ta take akuya. "The training will run for six weeks", horon zai ɗauki mako shida. A duk cikinsu babu wanda ya tattare riga ya zura da gudu, alhali a firamare an ce mana "run" gudu ne, shi ke nan. Ni a ganina wannan talauci ne. Harshen da yake da wadatar kalmomi ba ya ɗora wa kalma ɗaya wannan uban kaya. Ko akwai mai ja?

Sarkin_Gardama:
Akwai. Laifi tudu ne Malam Tafinta. Ka ci tuwo, ka ci jarrabawa, ka ci zaɓe, ka ci bashi, ka ci amana, ka ci kasuwa, ka ci sarauta, a ci ka tara, a ci maka mutunci, ka tafi cin rani, ka ci karo da mutum, sannan ka ci gaba. A ciki wanne ka tauna ban da tuwon?

Uwar_Khalifa:
Hahaha, Sarki ka gama da shi tun ba a je ko'ina ba.

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam. Yaro, abin da ya dame ka ya dami waɗanda suka fi ka zama da kalmar. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, ana bin sa ana sabuntawa kalma bayan kalma. Da aka zo kan "run", wani ma'aikacinsu mai suna Peter Gilliver ya shafe wata tara a kanta ita kaɗai, kuma da aka fitar da aikin a 2011 an ƙirga ma'ana 645. Wannan fa a matsayinta na aikatau ne kawai, ba a sa na suna ba. Kafin nan "set" ce ke riƙe da kambun, da ma'ana 430 a bugun 1989.

Amma kada adadin ya firgita ka. Masu ƙamus mutane ne masu son tsaga gashi. Gudun ruwa a kogi, gudun ruwa a famfo, gudun hawaye a kumatu, kowanne za su iya ba shi lambarsa. Kuma sun haɗa har da ma'anonin da aka daina amfani da su shekaru aru-aru, da na masu jirgin ruwa, da na masaƙa, da na mafarauta. Baturen da ke sayar da kifi a kasuwa bai san rabinsu ba, kuma bai taɓa rasa abin faɗa ba.

Abin da nake koya wa ɗalibaina a da shi ne: ku daina fassara ta da gudun ƙafa, ku riƙe ta a matsayin abin da ke tafiya bai tsaya ba. Tun a tsohon Turanci kalmar tana ɗauke da gudun mutum da kwararar ruwa a tare. Jamusanci, ɗan'uwan Turanci, har yau yana da biyu: "rennen" gudun ƙafa, "rinnen" kwarara. In ka riƙe kwarara, sauran duk za su biyo ka. Inji yana tafiya bai tsaya ba. Horo yana tafiya har mako shida. Jini ya yi ta fita har ya ƙare. Wanda ya sa kamfani yake tafiya shi ne mai "run" ɗinsa.

Tafinta_Fagge:
Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya. Amma 645 fa. Ko an tsaga gashi, gashin ya yi yawa.

Malama_Hausa_Zariya:
Ni abin da ya ba ni mamaki, Malam Tafinta, ka ce "'ya'yansa ke juya kamfanin", ka tsallake kalmar da ke gabanka. Gudanar da kamfani fa? Daga ina gudanarwa ta fito in ba daga gudu ba? Gudu, gudana, gudanar. Ruwa yana gudana, taro yana gudana, bincike yana gudana, akwai kwamitin gudanarwa, akwai magudanar ruwa. Ko gudummawa da muke kai wa biki, da can gudun kai ɗauki ne. Hanyar da Bature ya bi daga ƙafa zuwa ofis, mu ma ita muka bi, sai dai mu muna sauya wa kalmar riga a hanya, shi kuma ya bar ta da rigarta ɗaya. Shi ya sa tamu ba ta ba ka haushi, don ba ka gane ta in ta sake kaya.

Uwar_Khalifa:
Malama kin manta da babbar. Gudawa! Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mara lafiya zai zo ya dafe ciki ya ce "nurse, my stomach is running", wani kuma ya ce gudawa yake yi, ka ga ai magana ɗaya ce. Sai dai Turawan Ingila ba sa cewa "running stomach", wannan namu ne na nan. Su a bakin gida "the runs" suke cewa, a takarda kuma "diarrhoea". Haka majina, mu muna cewa "running nose", su "runny nose", ko "my nose is running". Akwai kuma "he is running a temperature", zazzaɓi ke nan. Wannan kam ban ga abin da ke kwarara a ciki ba, Baba Tsohon_Malami sai ka taimaka.

Tsohon_Malami:
'Yata, jikin ne aka ɗauka kamar inji da ke aiki da zafi. Amma ba zan rantse ba cewa kowace ma'ana za ta shiga layi. Wasu sai dai haddacewa.

Dan_Maradi:
Ina wuni 'yan'uwa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci abin ya fi ba mu wuya. A Faransanci inji ba ya gudu, tafiya yake yi, "ça marche". Hanci da famfo kuma "couler", kwarara. Kamfani "diriger" ko "gérer". Ɗan takara "se présenter", ya gabatar da kansa. Gudun ƙafa "courir". Kowanne da kalmarsa. To ranar da na fara jin wani ɗan Najeriya yana cewa janareta yana "running" na yi ta dariya a raina. Janaretan Faransa yana tafiya, na Ingila yana gudu, namu na Hausa kuwa aiki yake yi, kuma dukansu suna nan daram a bayan ɗaki.

Tafinta_Fagge:
Yauwa! Ka ga Dan_Maradi ya kawo min shaida. Faransanci ya raba, kowane aiki da kalmarsa. Wannan shi ne wadata.

Dan_Maradi:
A'a ɗan'uwa, kada ka sa ni a shaidarka. Je ka duba abin da suke yi da "faire" da "passer" da "prendre" tukuna. Ba wanda ya tsira.

Almajirin_Zaure:
Salamu alaikum. Malamai ku ba almajiri wuri. Larabci ma haka yake, kuma ba wanda zai ce Larabci matalauci ne. "Jara" ya yi gudu, ya gudana, ya faru. A Alƙur'ani muna karanta "tajri min tahtihal anhar", ƙoramu na gudana a ƙarƙashinta. A Suratu Yasin "wash shamsu tajri", rana tana gudu. Balarabe zai tambaye ka "ma jara?", me ya faru. Matakan da hukuma ke ɗauka "ijra'at". Kuma kowa a nan ya san sadakatul jariya, sadaka mai gudana, wadda ladanta ba ya yankewa. Duk tushe guda ne. Saboda haka ni ina tare da Malama, ɗan'adam ne ya ga ruwa yana wucewa ya ara ya yafa wa sauran al'amura.

Mai_Kwamfuta:
Masu kwamfuta ku danna maɓallin Windows tare da R. Wani ɗan akwati zai fito a ƙasa ta hagu, sunansa ma Run. Ka rubuta sunan manhaja ka danna, ta tashi. Mu a wajenmu manhaja ba ta da aiki sai "run", har da "run as administrator". Sannan ɗan tsinken nan da ke ƙiftawa in kana rubutu, "cursor", da Latin ma'anarsa mai gudu. Daga "currere" na Latin ɗin ne aka samo "current" na lantarki da na kogi, da "currency" na kuɗi, da "course", da "courier". Wato ko sun gudu daga "run" sun aro wata, nan ma gudun suka tarar.

Bakanike_Panteka:
Ni ban yi nisa a boko ba amma wannan kalmar kullum tana gareji. In ka sayi sabon babur ko an yi wa mota sabon ring, ba ka ba ta wuta nan take, a hankali kake bi da ita har ƙarfe ya saba da ƙarfe, sannan ka juye baƙin mai. A littafin da ke zuwa da babur "running in" suka rubuta. Abin dariya, "running in" ɗin shi ne lokacin da aka hana ka gudu.

Sarkin_Gardama:
Oga Bakanike wannan ita ce maganar yau.

Yar_Zongo_Kumasi:
Ni na siyasar nake so a buɗe min. A nan ina jin wasu na cewa "stand for election", wasu "run for president". Wanne ne daidai?

Tsohon_Malami:
Duka daidai ne, gida ne ya bambanta. Baturen Ingila tsayawa yake yi, "stand for Parliament", Ba'amurke kuwa gudu yake yi. Namu "tsayawa takara" ya fi kusa da na Ingila. Amma yanzu na Amurka ya mamaye ko'ina, har jaridun Landan za ki gan shi. A watan Agusta na 1927 shugaban Amurka Calvin Coolidge ya tara 'yan jarida ya miƙa wa kowa 'yar takarda mai jimla ɗaya: "I do not choose to run for President in 1928". Bai ƙara komai ba, aka bar su suna ta muhawara kan me yake nufi da "choose".

Su Amurkawa sukuwa suke gani in an ce zaɓe. Shi ya sa suke kiran sa "race". Wanda ke kan gaba "front-runner". Wanda ya shiga bai taɓuka komai ba "also-ran", kalmar masu tseren dawaki ce ga dokin da bai zo cikin na gaba ba. Mataimakin ɗan takara "running mate", shi ma daga dawaki aka ɗauko, dokin da ake sakawa ya yi gudu tare da ɗan'uwansa na barga ɗaya.

Malama_Hausa_Zariya:
Mu kuma kokawa muke gani. Za a kara, za a fafata, ya kayar da shi, ya sha kaye, ya faɗi.

Dan_Maradi:
Akwai "run-off" kuma, zagaye na biyu. Mu mun saba da shi, kamar na Fabrairun 2021 tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane.

Yar_Zongo_Kumasi:
Mu ma mun yi a Disambar 2008, Atta Mills da Akufo-Addo. To shi "re-run" fa da nake ji a labaran Najeriya?

Sarkin_Gardama:
Wannan sake zaɓe ne, in kotu ta soke ko an samu matsala a wasu rumfuna. Ba ɗaya suke da zagaye na biyu ba. In kina son cikakken bayani ki tambayi Kanawa labarin inkonkulusib na 2019, Tafinta yana kusa.

Tafinta_Fagge:
Sarki kada ka tsokano min tsuliyar dodo.

Mai_Unguwa (mai kula da zaure):
Jama'a a yi haƙuri, dokar zaure tana nan, ba siyasar jam'iyya. Na goge saƙo biyu. A koma kan Turanci.

Akawu_Mai_Ritaya:
To bari in dawo da mu. A harkar banki akwai "a run on the bank", kuma wannan kam akwai gudun gaske a cikinsa. Banki ba ya ajiye duk kuɗin da kuka kai masa a ɗaki, yawancinsu ya bayar bashi, ɗan kaɗan yake riƙewa don masu cira na yau da kullum. In jita-jita ta tashi cewa bankin na tangal-tangal, kowa zai ruga ya kwashe nasa kafin na bayansa, kuma rugawar ce za ta kayar da shi ko da lafiyarsa ƙalau. A Satumbar 2007 an ga layuka a ƙofar rassan Northern Rock a Birtaniya, tsofaffi da sandunansu tun da sassafe, daga baya a farkon 2008 gwamnati ta karɓe bankin. Na Silicon Valley Bank a Amurka, Maris 2023, ba wanda ya taka ƙafa. Ta waya aka nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya, washegari hukuma ta rufe shi. Duk da haka sunan bai canza ba, "bank run" aka kira shi.

Dalibi_a_Indiya:
Ku zo nan ku ga "run". Wasan kurket ne addinin yaran unguwarmu na biyu, kuma makin wasan sunansa ke nan. Asali mai bugu da abokinsa ne ke gudu suna musayar wuri tsakanin turaku biyu, tazarar yadi 22, kowace musaya "run" ɗaya. Amma in ƙwallon ta gangara ta kai iyakar fili an ba ka huɗu, in ta tsallake ta sama an ba ka shida, kana tsaye ko motsi ba ka yi ba. Sai ka ji an ce mutum ya yi "run" ɗari, ka ɗauka ya kusa suma.

Mai_Keken_Dinki:
Ni ma ga tawa. Atamfa in ta zuba a wanki, "the colour ran" ake cewa. Wata kwastoma ta taɓa turo min saƙo da Turanci wai mayafin da na haɗa mata ya yi "run" a kan farin leshi. 'Yata ce ta karanta min, muka tsaya kallon juna, ina mayafi zai je? Sai da ta turo hoto, leshin nan ya koma ruwan hoda daga wuya har ƙugu. Akwai kuma "running stitch", ɗinkin hannu na sama-sama, allura ta shiga ta fita ta shiga ta fita a layi ɗaya.

Uwar_Khalifa:
Hajiya kin biya leshin?

Mai_Keken_Dinki:
Ni na rina mayafin? Mun dai rabu lafiya.

Kopa_Jos:
Ba wanda ya taɓo na titi. A Turancin Najeriya in aka ce mutum yana "runs" ba yabo ba ne, harka ce ta bayan fage. Satar amsa a jarrabawa "runs", buga-bugar da ba a son a bayyana "runs". "I go run am" kuma zan san yadda zan yi. Baturen Ingila in ya ji "she dey do runs" ba zai gane ba, ƙila ma ya zaci ciwon da Anti Uwar_Khalifa ta ambata ne.

Tsohon_Malami:
Ba mu muka fara kai ta wannan lungu ba. Fasa-ƙwaurin makamai "gun-running" ne. Lokacin da Amurka ta haramta giya, daga 1920 zuwa 1933, masu shigo da ita ta ruwa "rum-runners" ake ce musu. Kalma ce mai saurin kama duk abin da aka jingina mata. Wani marubuci, Simon Winchester, ya yi hasashen cewa zuwan injuna ne ya ɗaga ta sama da "set", don tun daga jirgin ƙasa har kwamfuta duk abin da aka ƙera sai an ce yana "run". Ni dai na ga alamar gaskiya a ciki, ko da yake hasashe ne.

Tafinta_Fagge:
Na karanta duka, kuma na karɓi ta gudanarwa da ta gudawa, Malama da Anti kun kama ni. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Kwararar da Baba ya ce ta yi min maganin inji da kamfani da jini. To ina kwarara a "I ran into my teacher"? Ina take a "run-down house", gidan da ya lalace? "Run through the list" dubawa, "run up a bill" tara bashi, "run it by me" faɗa min in ji. A nan ba "run" ɗin ke aiki ba, 'yan ƙananan kalmomin da ke bin ta ne ke juya ta yadda suka ga dama. Wanda ke koyo ba shi da wata dabara sai hadda. Wannan shi ne ainihin ƙorafina.

Malama_Hausa_Zariya:
"Ran into" ai ci karo ne, har hoton ɗaya. Sauran kuwa gaskiyarka, hadda ce. Amma ka tausaya wa Baturen da aka ce ya bambance sha kai da shan kai, sha kunu da shan kunu, sha ruwa a Ramadan da shan ruwa a Shawwal, ga shan alwashi, ga shan iska, ga sha da ƙyar. Bature Bargery da ya yi ƙamusun Hausa na 1934 ai ya sha fama, ka ga wata "sha" ɗin ma.

Sarkin_Gardama:
Ni har yanzu ban yarda talauci ko wadata ke kawo wannan ba. Kalmar da aka fi taɓawa ita ta fi tara ma'ana, a kowane harshe. Turanci yana da "manage", "operate", "flow", "contest", "expire", suna nan a ajiye. Ganin dama ne ya sa suke ɗaukar gajeriyar.

Tafinta_Fagge:
To ai ka dawo kan maganata ta wata ƙofa. In suna da su, su yi amfani da su mana, su huta mu huta.

Dan_Maradi:
Ka rubuta musu wasiƙa.

Auta_SS3:
Don Allah yayye kafin a watse, ina shirin WAEC. An ba mu "The car has ___ out of fuel", zaɓi akwai "ran" akwai "run". Na sa "ran" malaminmu ya kashe, bai kuma yi bayani ba.

Tsohon_Malami:
Malaminku ya yi daidai. Run, ran, run. Bayan "has" ko "have" ko "had" ta uku ake sawa, ita kuma ta koma kamar ta farko. "It ran out yesterday", amma "it has run out". Haka "come, came, come" take.

Auta_SS3:
Na gode Baba. To "runned" fa, na taɓa gani a Facebook.

Uwar_Khalifa:
Auta rufe Facebook ɗin nan ka ɗauki littafi.